Daga Raccah Rovers Zuwa Chelsea: Yadda Kuɗin Attajirai Ke Juya Ƙungiya Da Magoya Bayanta

Duk wanda ya saba bin kudancin Jihar Kano ya san Kwanar Dangora. A nan ne manyan hanyoyi uku suka haɗu. Ɗaya ta yi arewa, ta ratsa ƙasar Bebeji zuwa birnin Kano. Ɗaya ta miƙe zuwa Zariya da Kaduna. Ta ukun kuwa ta karkata zuwa Tudun Wada, ta keta dajin Falgore, ta bi ta ƙasar Doguwa ta nufi Saminaka da Jos. Mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa sun daɗe suna bin waɗannan hanyoyi da masara da shinkafa da dabbobi, kuma ta nan ne labarin ƙwallon ƙafa ya riƙa iso musu, a bakin direbobi da 'yan kasuwa da ɗalibai, kafin rediyo ya ƙarasa sauran.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan hukumomi huɗu da ta taɓa samun ƙungiyar da ta buga a babbar gasar ƙasa. Saboda haka tun can asali mai son ƙwallo a wannan yanki aron ƙungiya yake yi, ko dai ta birni, ko ta wata jiha, ko kuma a yanzu ta wata nahiya. Wannan ne ya sa na ga yankin ya dace da tambayar da nake so mu duba tare da mai karatu: idan attajiri ya zuba kuɗinsa a ƙungiya, me ke samun ƙungiyar, me kuma ke samun talakan da ya ba ta zuciyarsa? Abin da tarihin shekara hamsin ya nuna shi ne, kuɗi na tara jama'a cikin ƙanƙanen lokaci, amma ƙungiyar da ba ta da madogara sai aljihun mutum ɗaya, ranar da ya gaji ita ma ta gaji, magoya baya kuma su watse neman wata.

HANYOYI UKU, ƘUNGIYOYI UKU

Bari mu fara da hanyar Jos. A shekarar 1972 aka fara gasar lig ta ƙasa baki ɗaya a Nijeriya, kuma ƙungiyar da ta fara ɗaukar kofin ita ce Mighty Jets ta Jos. Alhaji Isiyaku Ibrahim, ɗan kasuwa kuma ɗan siyasa, shi ne ya ɗauki nauyinta. Da kuɗinsa aka tara gwanaye irin su Sam Garba Okoye da Isma'ila Mabo, har ta kai duk Arewa ana alfahari da ita, domin a lokacin manyan ƙungiyoyi na Ikko da Badun da Inugu ne. Jets ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a 1972, Bendel Insurance ta doke ta, ta sake kaiwa a 1974, Rangers ta doke ta. Duk da haka ba a fasa sonta ba. To amma da ƙarfin ubangidan ya ja baya, sai ita ma ta ja, ta gangara ƙananan rukunai ta daɗe a can. Ranar da kofin lig ya sake komawa Jos, a 2017, ƙungiyar gwamnatin jiha ce ta kai shi, wato Plateau United.

A hanyar Kano kuwa akwai Raccah Rovers. Yaran yanzu da yawa ba su ma san daga ina sunan ya fito ba. Raccah sunan wani gidan kasuwanci ne a Kano, gidan Saul Raccah, Bayahude ɗan asalin Tarabulus wanda ya yi fice a cinikin gyaɗa tun zamanin Turawa, lokacin da ake tara dalar gyaɗa a birni. Sunan wannan gida ƙungiyar ta ɗauka, kuma a 1978 ta cinye gasar lig ta ƙasa, karo na farko ke nan da kofin ya shigo Kano. A watan Afrilu na wannan shekara ta kara da Fluminense ta ƙasar Birazil a Kaduna, inda Pele da kansa ya sa rigar baƙin ya buga musu, aka tashi 2 da 1, Raccah ce a ƙasa. Ka ji matsayin da ƙungiyar Kano ta taka. Amma kafin shekarun 1980 su ƙare babu Raccah babu dalilinta, sai dai labari a bakin dattawa.

Sai hanyar Kaduna. A can akwai wata ƙungiya ta ma'aikatar ƙera makamai da ake kira DIC Bees. Marigayi Alhaji Muktar Aruwa, wanda daga baya ya zama sanata, ya karɓe ta ya sauya mata suna zuwa Ranchers Bees, ya zuba mata kuɗi. Nan da nan ta tashi. A 1988 ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofuna ta Afirka, inda Bizerte ta ƙasar Tunisiya ta sha da ƙyar a hannunta, a 1989 kuma ta ɗauki kofin Afirka ta Yamma. A cikinta Daniel Amokachi ya fito, kafin ya wuce Beljiyam a 1990. Ita ma daga baya ta yi sanyi, ta shafe shekaru ana jin sunanta sama-sama.

Ke nan duk hanyar da mutumin Kiru ko Doguwa ya bi a wancan zamani, zai tarar da ƙungiya mai tashe, kuma zai tarar da sunan wani mai hali a bayanta.

ME YA KASHE SU?

Kada mai karatu ya ɗauka abin a Arewa kaɗai ya faru. A Kudu ma haka aka yi, har ma ya fi. Kamfanin Leventis ya kafa Leventis United a Badun, ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1984 da 1986, ta ɗauki lig a 1986, ta kai wasan ƙarshe a Afirka a 1985. Cif M.K.O. Abiola ya kafa Abiola Babes a Abekuta, wadda Rashidi Yekini ya buga wa, ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1985 da 1987. Bayan kakar 1987 masu su suka janye hannu, ƙungiyoyin biyu suka bi ruwa alhali suna kan ganiyarsu. A Owerri, Cif Emmanuel Iwuanyanwu ya karɓi Spartans a 1985 ya liƙa mata sunansa, ta zama Iwuanyanwu Nationale, ta ci lig a 1988 da 1989 da 1990 da 1993. Ita dai ta tsira da ranta, domin a 2006 gwamnatin Jihar Imo ta karɓe ta, ta koma Heartland.

Dalilin mutuwar ba ɓoyayye ba ne. Riƙe ƙungiya na cin kuɗi kullum: albashin 'yan wasa, kuɗin sa hannu, mota da mai, masauki da abinci duk mako biyu, magani idan an ji ciwo. Abin da ke shigowa kuwa kuɗin ƙofa ne kawai, shi ma rabin 'yan kallo ta katanga suke shiga ko da alfarma. Filin wasan na gwamnati ne. Babu kuɗin talabijin, babu cinikin riguna. Saboda haka giɓin da ya rage daga ribar wata sana'ar ake cike shi. Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sannan aka karya darajar naira a 1986, sai kowane ɗan kasuwa ya duba abin da zai iya yankewa. Ƙwallo ce ta fara shan wuƙa.

Ni a ganina, Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, domin tsarin tsoho ne a wurinmu. Mai kuɗi kan ajiye dokin sukuwa, ya ajiye makaɗi, ya ɗauki nauyin ɗan dambe ko ɗan kokawa, duk don sunansa ya fita. Muddin yana raye yana da hali, doki na cin dawa, makaɗi na sa sabuwar riga. Ranar da ya kwanta dama ko kasuwa ta juya masa baya, magada su sayar da dokin, makaɗi ya nemi wani ubangidan. Haka attajiranmu suka riƙe ƙungiyoyin ƙwallo. Bambancin kawai shi ne, doki ba shi da dubban mutanen da ke kwana da yunwa idan an tsere masa. Ƙungiya tana da su, kuma babu wanda ya shawarce su ranar da aka rufe ta.

SAI MASU GIDA

Wannan giɓi ne aka yi niyyar cikewa a 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru a Nijeriya. A ƙarƙashin jagorancin Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa daga 2002 zuwa 2006, aka haɗa ƙungiyoyi uku, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, aka samar da Kano Pillars. Mutanen Bebeji sun san sunan WRECA tun kafin ƙwallo, domin ita ce hukumar jiha mai aikin madatsun ruwa, ga kuma madatsar Tiga da aka kammala a 1974 a cikin ƙasarsu. Shi kuwa Bankin Arewa, a 2006 aka narkar da shi cikin Unity Bank. Da a ce ƙungiyarsa ta tsaya ita kaɗai, da tuni ta bi shi.

Abin lura a nan shi ne sunan. Ba a sa mata sunan kowa ba sai na Kano. Kuɗin da ake kashe mata daga baitulmalin jiha yake fitowa, saboda haka manomin Riruwai da ɗan tireda na Kafin Maiyaki suna da haƙƙi a cikinta daidai da ɗan Fagge. Wannan ne karo na farko da mutumin kudancin Kano ya sami ƙungiyar da zai ce tasa ce ba tare da ya yi aro ba. Kirarin nan na “Sai Masu Gida” ya shiga bakin kowa, ranar wasa kuma motocin haya kan kwaso matasa daga garuruwan nan zuwa filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata.

An ɗan jima kafin a ga amfanin. Sai a 2008 Pillars ta ɗauki kofin lig na farko, shekara talatin cif bayan na Raccah. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, bayan an yi 1 da 1 a Kano da 2 da 2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta tare ta. Ta sake ɗaukar lig sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Ta shafe shekara goma sha biyu ba a doke ta a gida a gasar lig ba, sai a 2015 Nasarawa United ta karya lagon. A 2019 ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenareti.

To amma kada mu yaudari kanmu, gwamnati ma wani irin attajiri ce. Tana da nata son rai. Idan aka sauya gwamna akan sauya shugabannin ƙungiya, kuɗi kan zo a makare, wani lokaci a ga siyasa ta shiga har cikin zaɓen wanda zai riƙe ta. A 2020 aka mayar da filin Sani Abacha wurin killace masu cutar korona, Pillars ta koma buga wasannin gida a Kaduna. A 2022 aka kwashe mata maki saboda rikicin 'yan kallo, a ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu. Abin da ya bambanta ta da Raccah shi ne ba ta mutu ba. Jiha ba ta rasuwa ta bar magada, jama'a kuma ba su watse ba, a 2023 ta dawo.

ZAMANIN GIDAN KALLO

A daidai lokacin da Pillars ke neman tsayawa da ƙafafunta, wata hanya ta huɗu ta buɗe wadda ba ta bi ta Kwanar Dangora ba. Ta sama ta zo. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar shekarun 2000 gidajen kallo suka bazu daga birni zuwa ƙauyuka: rumfar langa-langa ko zana, bencina, janareta, faifan tauraron ɗan Adam a kan rufi, da allo a bakin ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli. Da 'yan canji kaɗan yaron da bai taɓa zuwa Ƙofar Mata ba sai ga shi yana kallon Landan kai tsaye.

Da farko 'yan wasanmu aka bi. Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, sai rabin gari ya zama Arsenal. Wasu suka bi Manchester United saboda ita ke cin kofuna a hannun Alex Ferguson. Chelsea na da 'yan tsirarun masoya saboda Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna, wanda ya je can a 1997. Sai ga shekarar 2003. A watan Yuli wani attajiri ɗan Rasha, Roman Abramovich, ya sayi Chelsea a kan fam miliyan 140. Ƙungiyar da rabonta da kofin lig tun 1955, sai ga ta ta ɗauka a 2005 ta maimaita a 2006. Aka kawo Jose Mourinho, aka sayo Didier Drogba da Michael Essien, a 2006 kuma aka kawo Mikel Obi, wanda a Jos ya tashi. Kafin ka ce kwabo shuɗiyar riga ta cika kasuwannin ƙauye.

Wanda ya zauna a gidan kallo a waɗannan shekaru ya san irin gorin da ake yi. 'Yan Arsenal da 'yan United kan kira 'yan Chelsea 'yan bana-bakwai, su ce ƙungiyarsu a 2003 aka haife ta, kofunanta kuma sayensu aka yi. Su kuma su ce ai ba a cin kofi da tarihi. Abin dariya, da Shaihu Mansur na Abu Dabi ya sayi Manchester City a 2008, ta ci lig a 2012 bayan shekara 44, sai 'yan Chelsea suka juya suna yi wa sababbin 'yan City irin gorin da aka yi musu. Haka abin ya ci gaba: Ƙatar ta sayi PSG a 2011, asusun gwamnatin Saudiyya ya sayi Newcastle a 2021. Kusan za ka iya gane shekarun matashi daga ƙungiyar da yake so, domin yawanci yaro kan kama wadda ke tashe a shekarar da ya fara shiga gidan kallo, wadda ke tashe kuwa sau da yawa ita ce wadda aka fi zuba wa kuɗi.

Dubi yadda shekarun suka zo daidai. A watan Mayu na 2008 United da Chelsea suka buga wasan ƙarshe na zakarun Turai a Mosko, a shekarar da Pillars ta ci kofinta na farko. A 2012 Chelsea ta ɗauki kofin Turai da Mikel a cikin fili, a shekarar da Pillars ta ci na biyu. Mai karatu ya tambayi kansa, a garinsu wanne aka fi yi wa murna, wanne aka fi hawa babur ana zagaya gari a kansa? Mafi yawan matasa ba su bar Pillars ba, sai dai sun yi mata kishiya, kuma kowa ya san amarya ta fi samun kulawa.

ABIN DA YA BAMBANTA MU DA SU

Tambayar da ta rage ita ce, tunda a can ma attajirai ne ke riƙe da ƙungiyoyi, me ya sa tasu ba ta mutuwa kamar tamu? A watan Maris na 2022, bayan Rasha ta auka wa Yukiren, gwamnatin Birtaniya ta ƙaƙaba wa Abramovich takunkumi, dole ya saki Chelsea. Da a nan ne, da shi ke nan. A can kuwa cikin 'yan makonni masu saye suka yi layi, a watan Mayu wasu Amurkawa ƙarƙashin Todd Boehly suka biya fam biliyan biyu da rabi.

Dalili shi ne a Ingila ƙungiya ta girmi mai ita. An kafa Chelsea a 1905. Manchester United ta samo asali daga ma'aikatan jirgin ƙasa a 1878. Attajiri zuwa yake yi ya tarar da suna da fili da launin riga da jama'ar da suka gaji son ƙungiyar daga kakanninsu, kuma waɗannan ne yake biya wa kuɗi. Idan ya tafi suna nan. A wurinmu kuwa attajirin ne ya girmi ƙungiyar, shi ya raɗa mata suna, sau da yawa ma nasa sunan ya ba ta.

Shi ya sa magoya bayan can ke da bakin magana. Filin Stamford Bridge ba na mai Chelsea ba ne, yana hannun wani kamfani na magoya baya, kuma a 2011 da Abramovich ya nemi ya saye shi, bai sami yawan ƙuri'un da doka ta nema ba, dole ya haƙura. Da iyalin Glazer na Amurka suka sayi United a 2005 da bashin da suka ɗora wa ƙungiyar, wasu magoya baya sun yi fushi sun kafa tasu, FC United. Da aka amince a ɗauke Wimbledon daga unguwarta a 2002, jama'arta sun ƙi bin ta, suka kafa AFC Wimbledon daga ƙasan ƙasa. A 2012 Vincent Tan ɗan Malesiya ya sauya wa Cardiff riga daga shuɗiya zuwa ja, aka yi ta ja-in-ja har ya mayar da ita a 2015. A watan Afrilu na 2021 manyan ƙungiyoyi goma sha biyu suka ce za su ɓalle su kafa gasarsu ta masu kuɗi, magoya baya suka fito titi, cikin kwana uku shirin ya wargaje. A Jamus ma doka ce: mafi rinjayen ƙuri'a a yawancin ƙungiyoyi na hannun membobi.

A duk wannan babu muryar ɗan Chelsea na Tudun Wada, alhali kuɗinsa na isa can. Abin da ya biya a ƙofa, mai gidan kallo ya biya kamfanin tauraron ɗan Adam da shi, kamfanin kuma ya biya masu gasar Firimiya. Sonsa ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha. Hatta attajirinmu na gida, Alhaji Aliko Ɗangote, ya shafe shekaru yana faɗin burinsa na sayen Arsenal, kafin a 2024 ya bayyana cewa lokacin ya wuce, matatar mai ta cinye kuɗin da hankalin.

KO ZA A MAIMAITA?

Ba ina cewa kuɗin attajiri annoba ba ne. A Kwango, Moise Katumbi ya karɓi TP Mazembe, ƙungiyar da aka kafa tun 1939, ya gina mata filinta, ta ɗauki kofin Afirka a 2009 da 2010 da 2015. Ita ce ma ta doke Heartland a wasan ƙarshe na 2009. A Afirka ta Kudu, Patrice Motsepe ya sayi Mamelodi Sundowns ta ci kofin Afirka a 2016. A nan gida, Kunle Soname ya gina wa Remo Stars fili da makarantar horar da yara a garin Ikenne, a 2025 ta ɗauki kofin lig, abin da ƙungiya mai zaman kanta ta daɗe ba ta yi ba. Duk waɗannan sun ajiye abin da ido ke gani a ƙasa. A ɗaya ɓangaren kuma ga Ifeanyi Ubah, wanda ya sayi Gabros a 2015 ya sa mata sunansa, ta ci kofin ƙalubale a 2016, a 2021 ta faɗi daga babbar gasa, shi kuma ya rasu a 2024.

Yanzu ga shi zagayen ya dawo Kano. A 2024 Sanata Barau Jibrin, wanda ya zama Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa a 2023, ya kafa Barau FC, a 2025 ta hau babbar gasar ƙasa, Kano ta sami ƙungiyoyi biyu a sama. Wannan alheri ne ga yaran da suka sami aikin yi da 'yan kallon da suka sami ƙarin wasa. A shekarar dai aka naɗa Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a rigar Pillars a kakar 2010 kafin ya tafi Turai, ya zama babban manajan Pillars. Wanda ya san tarihin Raccah da Abiola Babes da Iwuanyanwu Nationale dole ya yi wa sabuwar ƙungiyar fatan ta sami abin da waɗancan suka rasa, wato fili nata, da kuɗin shiga nata, da jama'ar da ke da ta cewa a cikinta, domin kujerar siyasa da kasuwa duka juyawa suke yi.

A Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, abin da aka fi sani shi ne gasar kofin wane. Idan zaɓe ya matso a raba riguna da hoton mai gida a ƙirji, a sa kofi da babur, a yi wata guda ana cika filin firamare. Bayan zaɓe rigunan su koɗe, ƙungiyoyin unguwa su koma karo-karo don sayen ƙwallo. Yaran da suka yi fice a gasar, wanda ya yi sa'a ya tafi birni gwaji, sauran su koma gona da acaɓa, da yamma a haɗu a gidan kallo.

Masu halin yankin da ke son a tuna da su ta hanyar ƙwallo suna da darasin shekara hamsin a gabansu. Kuɗin da ake kashewa a gasa biyu ko uku zai iya kewaye fili a yi masa takarda da sunan gari. Ana iya sa wa ƙungiya sunan Tiga ko Falgore ko Riruwai, a yi wa magoya baya katin zama memba ko da na kuɗi kaɗan ne, a ba su damar zaɓen wasu daga cikin shugabanni, a ajiye mai horar da yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar. Irin wannan ƙungiya ba za ta ci kofi a shekarar farko ba, wataƙila ma ba za ta ci a ta goma ba. Pillars ma sai da ta shekara goma sha takwas tana jira, kuma har yau mutanen Kwanar Dangora na hawa mota su je kallonta.